Neman shawara: mu saida gona mu kai Indiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A sakaya sunana. Ɗan yayata ne, shekararsa 13, yake fama da sankarar jini. Daga Tahoua aka turo mu Yamai, ya sha shimiyo (maganin kashe ƙwayoyin sankara), ya samu sauƙi har ya koma lakwal, yanzu kuma ciwon ya dawo. Wani mutum ya ce mana akwai maganin CAR-T a Indiya, wai allura ɗaya ce shi ke nan, mu ba shi kafin alƙalami ya nema mana wuri. Babansa na shirin saida gona. Wa ya san gaskiyar abin nan?

Ma'aikacin jinya, Yamai: Wa alaikumus salam, hajiya. Maganin gaskiya ne, amma "allura ɗaya" ɗin nan akwai gyara. Ana tace jinin yaron a ciro sojojin jikinsa da ake kira ƙwayoyin T, a sauya musu halitta a ɗakin bincike yadda za su gane ƙwayoyin sankarar, a hayayyafa su, bayan 'yan makonni a mayar masa. Kafin nan sai ya sake shan shimiyo. Bayan an saka, da yawa suna yin zazzaɓi mai zafi, jini ya faɗi, wasu su rikice, shi ya sa ake yinsa inda akwai ɗakin kulawa ta musamman. Abu na farko, ku tambayi likitansa: sankarar tasa ta ƙwayoyin B ce (wani nau'in sojojin jiki), mai alamar CD19 da maganin ke bi ya gane ta? In ba ita ba ce, wannan maganin ba nasa ba ne.

Wata uwa: Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku haƙuri.

Ɗan kasuwa mai zuwa Mumbai: Amurka ta amince da maganin CAR-T mai suna Kymriah a 2017 kan dala 475,000, ya haura sefa miliyan 250. Na Indiya, NexCAR19, ya samu izini a 2023, kuɗinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na wancan. Ban da jirgi, masauki da kwanciya fa. Kuma ƙanwata, kada ku ba dillali ko dala. Likitansa ya aika dosiyensa can, asibitin ya amsa a rubuce, da farashi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Litinin muna da randebu, zan tambayi maganar CD19 ɗin. Na kira babansa na ce ya dakata da gonar tukuna.