Wuni ɗaya a Jidda kafin jirgi ya tashi: ina za mu, me za mu ci?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Ina Makka da Hajiyata, satinmu biyu ke nan, mun gama Umra alhamdu lillahi. Jirginmu na komawa Kano sai ƙarfe biyun daren Talata, masu masauki kuma sun ce mu ba su ɗaki da hantsi. Hajiya ta ce ita dai a kai ta ta ga teku, wai shekararta sittin da takwas ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba. Gwiwa na damunta, ba ta doguwar tafiya. Wanda ya san Jidda ya taimaka min da yadda zan tsara wunin, da kuma abin da za mu ci. Kaza da shinkafar nan mun ci har ta fita ranmu.

Maman Walida:

Wa alaikumus salam. Allah ya karɓi ibada, ƙanina, ya saka maka da ka kai tsohuwa. Bara na yi irin wannan wunin da surukata, bari in ba ka labarin yadda ta kaya, har da inda muka yi wauta.

Wautar farko, mun bar Makka da rana tsaka. Zafin Jidda ba irin namu ba ne da za ka fake a inuwa ka sha iska. Zafi ne mai danshi, kana tsaye kawai sai ka ji riga ta manne maka a baya. Ku yi ɗawafin bankwana bayan asuba ku kama hanya, tafiyar ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci a mota ba. Ka ɗauki shatar mota ta wuni ka yi ciniki tun kafin ku shiga, domin kayanku su zauna a but.

Ku fara da babbar kasuwar kifi da ke bakin ruwa, ba nisa da tsohon gari. Ƙarni kam akwai shi, ƙasa kuma a jiƙe take, ka riƙe hannun Hajiya kada santsi ya kwashe ta. Amma abin kallo ne. Kifaye jere kan ƙanƙara, ja da kore da mai ɗigo-ɗigo, ga jatan lande tsibi-tsibi, ga ƙaguwa tana motsi. Akwai wani shuɗi-kore mai baki kamar na aku, suna ce masa harid, surukata ta rantse fenti aka shafa masa. Ka nemi najil, ja ne, ko hamur. Najil ya fi tsada, amma tsokarsa fara sol, ƙaya kaɗan, ya dace da tsoho. Yadda ake yi, ka saya a auna maka, ka kai wajen masu kankarewa su gyara, sannan ka miƙa wa masu suya ka ce a soya ko a gasa. Ka ce a haɗa muku da sayadiyya. Shinkafa ce da ake dafawa da albasar da aka soya har ta yi duhu, shi ya sa take fitowa ruwan ƙasa. Ni da na gan ta na ɗauka ƙonewa ta yi, har na fara ɓata rai. Loma biyu na yi na nemi afuwa. Surukata da take cewa ita kifi in ba tarwaɗa ba ne ba kifi ba ne, santi ya ɗebe ta har tana kiran mai suyar “ɗan albarka” da Hausa, shi kuwa yana ta washe baki bai san me ake cewa ba.

Daga azahar zuwa la'asar kada ku yi gigin yawo. Ku sami wuri mai sanyi ta miƙe ƙafa.

In rana ta yi sanyi sai ku shiga Balad, wato tsohuwar Jidda. Nan ne ni dai zuciyata ta tsaya. Tun zamanin Sayyidina Usmanu, shekara ta 26 bayan hijira, aka mai da Jidda mashigar Makka ta ruwa, don haka galibin alhazan da jirgin ruwa ya sauke, har da namu da suka keto Sudan a ƙasa suka haye Bahar Maliya, ta waɗannan lungunan suka bi. Kakana shekara bakwai ya yi a tafiyar hajjinsa, ina tafe ina cewa ko ya taɓa jingina da wannan bangon. Gidajen dogaye ne, hawa uku, huɗu, wasu sun fi, da tagogin katako masu sassaƙa da suka turo kai kan titi. Rawashin ake kiransu, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki, iska kuma tana shiga. Bangon da duwatsun murjani da ake haƙowa daga teku aka gina shi. Da na faɗa wa surukata haka sai ta tsaya tana shafa bango tana neman jan murjanin da ake sarƙa da shi. Ba shi ba ne, wannan fari-fari ne mai 'yan ramuka, in ka matsa kusa har ɓawon katantanwa za ka gani a ciki.

Ku nemi Gidan Nasif. Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa a 1925 lokacin da ya karɓi garin. Matakalarsa faffaɗa ce marar tsini, an ce raƙumi kan hau da kaya har sama. Abin da ya ba mu dariya, itaciyar da ke ƙofar gidan da ake ta ɗaukar hoto da ita, wadda aka ce a da ita kaɗai ce bishiya a garin, darbejiya ce. Darbejiya dai wadda awaki ke kwana a gindinta a ƙofar gidanmu. Surukata ta ce, “Ikon Allah, kowa da inda ake ganin girmansa.”

Ku yi magariba a Masallacin Shafi'i, yana nan cikin Balad, tsoho ne ƙwarai. Kasuwar Alawi ma tana kusa in akwai sauran tsarabar turare ko dabino.

Bayan nan sai bakin teku, wajen unguwar Hamra, ku ga ruwan Sarki Fahad da ake harbawa sama. Tun 1985 yake, ruwan tekun ne injina ke cillawa ɗaruruwan mita, da dare an haske shi da fitilu ya zama kamar farin gini. Akwai kujeru, Hajiya ba sai ta taka da yawa ba.

Baban Sultan:

Hajiya Maman Walida ta gama magana, sai dai in ƙara gishiri. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a garin nan.

Balad ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne in za a zaga shi duka, mota ba ta shiga ciki. A sauke ku kusa da Gidan Nasif, ku ga nan da masallaci ku fito. Ganuwar garin an rushe ta tun 1947, Ƙofar Makka da za ka gani a tsaye ka kalle ta daga mota ya isa.

Sannan in teku take son gani da gaske, ka kai ta Masallacin Rahma da ke arewa, wanda aka kafa kan ginshiƙai a cikin ruwa. In ruwa ya cika sai ka ga kamar yana iyo. Ku yi isha a can, dama hanyar filin jirgi ce, ba ku yi ratse ba.

Batun ci kuma, Malam, kada ka bar garin nan ba ka ci siriya ba. Ka san mene ne? Tsirenmu ne. Mutanenmu da suka zauna a Hijaz tun zamanin kakanni suka kawo shi, Larabawa suka kasa faɗin tsire suka ce siriya, da ƙuli-ƙulinsa da albasarsa. Da can a unguwanni irin su Sabil da Gulail ka fi samunsa, rusau ɗin 2022 ya watsa jama'a, amma duk direban da ya kwana biyu a nan zai kai ka inda ake yi. Da safe kuma in kun iso da yunwa, ful da tamis, wake ne da aka dama, ana ci da gurasa mai faɗi da ake mannawa a jikin tanderu. Ma'asub ma akwai, ayaba da gurasa da zuma, amma in Hajiya na da sukari a bar shi.

Ummu Hanif:

Ni dai ban ga abin da zai fitar da ni daga Harami da sassafe don kallon kifi ba. Salla ɗaya a can ta fi dubu ɗari. Ku ajiye kaya wajen masu masauki, ku wuni kuna ibada, bayan isha ku wuce filin jirgi.

Maman Walida:

Gaskiyarki 'yar'uwa, ba wanda zai ja da wannan. Amma sati biyu suka yi a can, kuma uwa ce ta roƙi ɗanta abu.

Ɗan Gwammaja:

Mun sauka lafiya jiya, na gode muku duka. Mun bi tsarin Anti Maman Walida da gyaran Alhaji Baban Sultan, sai dai siriya ba mu samu ba, direbanmu ɗan Pakistan ne, ya yi ta zagaye da mu har na ce a haƙura. Najil kuɗinsa ya ɗaga min hankali, hamur muka ci, gasasshe. Soyayyar kazar nan ta Albaik da yara suka yi ta saƙo kuwa a jaka ta iso Kano, ta huce amma ko ƙashi ba su bari ba.

A Masallacin Rahma Hajiya ta daɗe tsaye riƙe da ƙarfe tana kallon ruwa, ba ta ce komai ba. Can ta tambaye ni, wai ina ɗaya gaɓar? Na ce Sudan ce, ba a hangowa. Ta ce to a ɗebo mata ta taɓa. Na lallaɓa gefen duwatsu na cika murfin gorar ruwa na kawo mata, ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce wanda ya yi wannan miyar hannunsa ya faɗa. Yanzu haka tana falo tana ba maƙwabta labarin darbejiya.