Laftop ɗin wasa mai tsada za ta jure zafin Jidda kuwa?

Bakanon Hindawiyya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata tara ina tara kuɗi, ina so in sayi laftop mai RTX 4090, wato katin sarrafa hoto mai ƙarfi don wasanni. Amma ɗakina a Jidda na saman bene ne, mukayyif ɗin (AC) kuma ya tsufa. Kuɗin nan ba zai tafi a banza ba?

Mai Gyara a Makka: Wa'alaikumussalam ƙanina. Kada sunan ya ruɗe ka. 4090 na laftop ba ɗaya yake da na tebur ba: na tebur yana da ma'adanar bayanai (memory) 24GB, yana jan wuta wat 450, na laftop 16GB ne, iyakarsa wat 175. Kuma na laftop a manne yake da allon cikin kwamfutar (motherboard), in ya mutu ba a cire shi kamar na tebur. Wadda aka kawo min makon jiya, da na buɗe, ƙura ta daskare a bakin fanka kamar audugar katifa. Mai ita a kan gado yake wasa, bargo ya toshe ramukan iska. Duk wata uku ka hure ta, ka ɗaga bayanta daga tebur.

Ɗalibi a Madina: Ni 4070 na saya, ragowar kuɗin na ƙara RAM (ma'adanar aiki ta kwamfuta) da allon kallo babba. Wallahi ban yi nadama ba. Batirin dai kada ka sa rai, sai da caja.

Bakanon Hindawiyya: Na gode Yaya. To in zan koma Kano da ita fa?

Mai Gyara a Makka: Tambayi mai shago ko garantin yana aiki a Najeriya, kuma ka adana rasit.