Wai wa ya taɓa shan romon dutsen nan ne?

Baƙon Amurka: Salam jama'a. Dan Allah masu Hausa a baki ku raba mu gardama. Jiya bayan Juma'a saura kaɗan mu ɓata da wani dattijonmu a nan, kuma duk a kan kocin jami'armu, ƙwallon nan tasu ta Amurkawa nake nufi wadda ake rungume ƙwallo a ruga ana kokawa. An rufe kakar bana, wasa 12 muka buga 3 muka ci, shekararsa ta uku kenan kullum jiya i yau. Na ce ni dai a sallame shi kowa ya huta. Baba ya kalle ni ya ce yaro, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ni kuma baki ya suɓuce na ce Baba ai mu ne dutsen, mu ake dafawa. Wlh bai ƙara ce min uffan ba, ga shi a motarsa nake zuwa masallaci, haka muka dawo gida shiru sai ƙarar hita. Tambayata, wai maganar nan ana yin ta ne a kan ka jure wahalar aikinka, ko har da ka zauna kana jiran wani ya gyara nasa aikin?

Maman Biyu: Kafin a shiga karin magana ka fara zuwa ka ba Baba haƙuri tukuna. A motarsa fa ka ce.

Baƙon Amurka: Na kira shi da safe Hajiya, ya ce ya wuce, amma ya ce sati mai zuwa in nemi bas.

Sarkin Gardama: hhhh ka fara dafa naka dutsen kenan, cikin sanyin ƙanƙara

Malam Na-Zariya: A fahimtata mai dafawa shi ne mai shan romo, mutum ɗaya ne. Shi ya ɗora tukunya, shi ke iza wuta, shi hayaƙi ke shiga wa ido. Ba a ce mai haƙuri kan zauna a inuwa a dafa masa dutse ba. Don haka in za a yi wa wani maganar nan kocin za a yi wa, ba 'yan kallo ba. Ku naku jira ne, kuma jira daban haƙuri daban.

Kawu Na Omaha: Malam ban yarda da kai ba gaba ɗaya, kuma ina bayan Baba. Wanda ya ɗauki kocin aiki shi ma mai dafawa ne. Ku ɗauki jami'ar Duke a ƙwallon kwando. 1980 suka ɗauko Mike Krzyzewski, kar wanda ya ce in karanta sunan, su kansu Koci K suke cewa. Shekarar farko ya ci 17 aka ci shi 13, ta biyu ya ci 10 aka ci shi 17, ta uku 11 da 17. A ƙarshen ta ukun nan, 1983, Virginia ta yi masu dukan kawo wuƙa 109 da 66. Masu kuɗin da ke tallafa wa ƙungiyar suka taso daraktan wasanni Tom Butters a gaba sai ya kore shi, shi kuma maimakon kora sai ya ƙara masa kwantiragi a 1984. To mutumin nan kofin ƙasa 5 ya ɗauko masu, 1991, 1992, 2001, 2010, 2015, ya ajiye aiki a 2022 da nasara 1,202. In wannan ba romon dutse ba ne ku faɗa min sunansa.

Sarkin Gardama: Kawu ka bar gida ka tafi Duke neman misali? Kai da ke zaune a Nebraska? Ba mu labarin tsohon kocinku na jami'ar Nebraska Scott Frost mana

Kawu Na Omaha: Kai dai ba ka da kirki. Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. To shikenan. Frost ɗan jihar ne, shi ke jefa ƙwallo a ƙungiyar da ta ci kofin 1997, ya je jami'ar UCF a matsayin koci ya yi kakar 2017 wasa 13 ba a ci shi ko ɗaya ba, aka dawo da shi gida kamar an ɗauko ango. Shekarar farko ya ci 4 aka ci shi 8, sai 5 da 7, sai 3 da 5 shekarar korona, sai 3 da 9. Ita 2021 ɗin nan ce ta fi cin rai don duk wasa 9 da aka ci mu babu wanda tazarar ta kai maki 10, kullum sai ka ce yau kam dutsen ya fara laushi, sai minti na ƙarshe a ɓarar da tukunyar. Aka ce a ƙara masa shekara. Satumba 2022 Georgia Southern ta zo har gida ta ci mu 45 da 42, washegari aka sallame shi. Jimilla ya ci 16 an ci shi 31.

Sarkin Gardama: To ina romon?

Kawu Na Omaha: Shi ya sha. Dala miliyan 15 kuɗin sallama. Da sun jira 1 ga Oktoba, sati uku kacal, da kuɗin ya ragu zuwa rabi, amma haƙurin ya riga ya ƙare ƙaf. Shekara huɗu ana haƙuri aka kasa na kwana 20.

Direban Tirela: Tab. Ni a kore ni haka mana. Ko jami'ar Texas A&M ba sama da dala miliyan 75 suka amince su biya kocinsu Jimbo Fisher ba a 2023 don kawai ya tafi gida, kuma washegarin ranar da ya ci wasa 51 da 10. Allah ka haɗa mu da irin wannan korar

Maman Biyu: Amin, amma mu nan wanda ya faɗi ma ba a korarsa, wa'adi na biyu yake nema ya ce a ƙara haƙuri aikin ne bai nuna ba.

Direban Tirela: Hajiya kin manta har da mai neman ya bar wa ɗansa tukunyar

Ɗan Gumel: Ku tsaya in ba ku labarin kakata Allah ya jiƙanta, don duk lokacin da na ji maganar dutsen nan ita nake tunawa. Tana da wata jar akuya da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta, akuyar nan ta yi shekara uku ba ta haihu ba, ga ci kamar gara, harawar wake dusa ƙaiƙayi duk ba ta bari, har zanin kishiyar Iya ta taɓa cinye wa gefe a kan igiyar shanya, rigimar da aka yi ranar sai da mai unguwa ya shigo. Kakanmu kullum sai ya ce a kai ta kasuwa, Iya ta ce a'a mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ran nan ta tafi biki ƙauyensu kwana huɗu, tsoho ya ja akuya ranar Alhamis sai kasuwar Maigatari, ya sayar, ya dawo ya ajiye mata kuɗinta cif a cikin kwalla. Ashe wanda ya saya mutumin ƙauyen gaba da mu ne. Wata biyar ba ta cika ba labari ya iso akuya ta haifi uku. Uku fa! Ashe da cikinta aka sayar. Iya ba ta yi faɗa ba, ba ta ce komai ba, sai dai tun daga ranar in ta kai masa tuwo sai ta ajiye ta ce ga tuwo mai gaggawa. Shekara da shekaru. Har mu jikoki muka taso muna jin ana ce masa Mai Gaggawa muka ɗauka sunansa ne.

Kawu Na Omaha: Kun ji ko! Koci K ce akuyar nan.

Ɗan Gumel: Kawu ban gama ba. Da kuɗin ta sake sayen wata, baƙa, ta ce wannan ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai taɓa ta. Tsoho kuwa ya sha alwashin ba zai ƙara sa baki a harkar akuya ba. Baƙar nan shekara bakwai tana ci, ta yi ƙiba har wuyanta ya ninke, an kai ta gidan bunsuru ya fi a ƙirga, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Kowa ya san juya ce amma ba mai iya faɗa, wa zai so a sa masa suna. Ƙarshe da kanta ta mutu wata damina, cikin dare, ko yankawa ba a samu yi ba. Da safe tsoho ya fito da buta ya tsaya a kanta ya daɗe, sai ya ce Hajiya a kawo kwano ne a zuba romon? Wlh Iya sai da ta yi dariya har da hawaye, ta ce Malam wanda ya ƙirƙiro maganar nan ba shi ke sayen itace ba.

Maman Biyu: Allah ya jiƙan Iya, irin tsofaffin nan sun ƙare. Amma ni tsohon ne ya ban tausayi, shekara bakwai yana riƙe da magana ɗaya a ciki yana jiran ranarta. Shi ne ma mai haƙurin a labarin nan.

Sarkin Gardama: shi ya dafa dutse kenan, kuma ya sha

Kawu Na Omaha: Ɗan Gumel ka san abin da ka ba da labari kuwa? Tarihin kocinanmu na Nebraska ne tsaf. Mun sayar da jar akuya har sau biyu. Frank Solich an kore shi 2003 yana da 9 da 3. Bo Pelini an kore shi 2014 shi ma 9 da 3, mutumin da bai taɓa cin ƙasa da wasa 9 a shekara ba, aka ce bai isa ba kofi muke so. Da kunyar wannan ta kama mutane sai aka zo aka rungume baƙar. Alhali Tom Osborne da ake ta kafa misali da shi 1973 ya karɓi ƙungiyar sai 1994 ya ci kofin farko.

Malam Na-Zariya: Ni labarin ya tuna min wata ƙissa da limaminmu ya kawo a huɗuba, ta Sayyadina Umar da yake zagayen dare ya tarar da wata mata ta ɗora tukunya yara na kuka, ya tambaya me ke ciki, ashe ba abinci ba ne, ruwa ne da duwatsu, tana yi ne don yara su sa rai har barci ya kwashe su. Bai ce mata ta ƙara haƙuri zai nuna ba. Komawa ya yi ya ɗauko buhun gari a bayansa. Tun ranar nake tunanin dafa dutse iri biyu ne, akwai na mai nema akwai na lallashin yara.

Direban Tirela: Malam na biyun nan shi ake mana tun da aka cire tallafi. Har murfin tukunyar ake ɗagawa a talabijin a nuna mana tururi

Maman Biyu: Kuma masu buhun garin suna zagayen dare, amma gidajensu suke kaiwa

Baƙon Amurka: Jama'a an fara kauce hanya fa, ni kocina nake tambaya. Kuma Kawu zamanin Koci K ya wuce. A 1983 yaransa irin su Johnny Dawkins da Jay Bilas 'yan shekarar farko ne, Butters ya leƙa tukunya ya ga akwai nama, kuma ya san yaran suna nan har su gama, su ne suka kai wasan ƙarshe a 1986. Yanzu tun 2021 yaro na iya sauya makaranta ya buga nan take ba zaman shekara, ga kuɗin talla an halatta masu. Kana cikin haƙuri naman zai fice daga tukunya ya koma ta maƙwabci. Dubi Indiana, 3 da 9 a 2023, suka ɗauko Curt Cignetti ya taho da yaransa daga jami'ar James Madison, shekarar farko ya ci 11. To wa zai ce min in jira shekara biyar?

Kawu Na Omaha: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wannan kake son faɗa. To amma Larabar Koci K ai ba ta yi kyau ba.

Sarkin Gardama: Ferguson ma 1986 ya zo United sai 1990 ya ɗaga kofin farko, firimiya sai 1993

Direban Tirela: Dama na san sai ɗan United ya shigo da Ferguson, ku da kuke sauya koci kamar rigar sallah tun 2013. Ku yi shiru a nan

Sarkin Gardama: ɗan Arsenal ne ke maganar? ku ai ba dutse kuka dafa ba, Dala da Goron Dutse kuka haɗa a tukunya ɗaya

Malam Na-Zariya: Ni har yanzu ina kan bakata, ba a yi maganar don ɗan kallo ba. Amma akwai abin da ban gane ba, cewa aka yi ya sha romonsa, ba a ce ya ci dutsen ba. Ashe ko a karin maganar dutsen bai nuna ba kenan? Ruwan da ka zuba da gishirinka shi za ka sha.

Maman Biyu: Mu a gidanmu "ya sha romo" kawai ake cewa, babu "nsa". Kuma mata aka fi yi wa ita, in an kai ƙarar miji. Ban taɓa jin an zaunar da namiji an ce ya dafa dutse ba sai yau a kan ƙwallo.

Ɗan Gumel: Hajiya kar ki tayar da wannan, za mu kwana

Direban Tirela: Ɗan Gumel tambaya ɗaya, 'ya'yan jar akuyar nan uku, mutumin ya ba Iya ko ɗaya?

Ɗan Gumel: Ina fa. Sai ma ya riƙa biyowa da su ta ƙofar gidanmu in zai kai su kiwo.

Baƙon Amurka: Yanzu Baba ya turo min saƙo, wai jami'a ta fitar da sanarwa kocin yana nan baɗi, an dai kori mataimakansa biyu. Ya haɗa min da hoton tukunya. Kawu bas ɗin da ke bi ta masallaci a garinku ma sai an yi tafiyar minti 20 a ƙasa ne ko namu ne kawai haka?