Waƙar Karnatik ta kwamfuta: anya ana ɗaukar gado daga nesa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata uku ke nan a Cleveland, jihar Ohio ta Amurka. Maƙwabtana 'yan ƙabilar Tamil ne, 'yarsu mai shekara 11 tana koyon Karnatik, waƙar gargajiyar kudancin Indiya. Malaminta yana Chennai, wani babban birni a kudancin Indiyar. Ƙarfe 8 na dare take zama gaban kwamfuta, shi kuwa lokacin gari ke wayewa a wurinsa. Sun taɓa kai ni bikin tunawa da Tyagaraja, shahararren mai tsara waƙoƙin Karnatik, da ake yi a garin nan tun 1978, wallahi muryoyin yaran sun ratsa ni. Abin da ya tsaya mini a rai, yarinyar ba ta jin Telugu, harshen da take rerawa da shi. Wannan riƙon gado ne ko haddar baki kawai?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, batun harshe kada ya dame ki. Tyagaraja, da ya rasu a 1847, a ƙasar Tamil ya rayu amma da Telugu ya tsara yawancin waƙoƙinsa, ko a Chennai mawaƙa da dama sai an fassara musu. Inda gizo ke saƙar shi ne gamaka, lanƙwasa murya tsakanin sauti da sauti. Takarda ba ta kama shi, kunne ke ɗauka. A da ɗalibi gidan malami yake tarewa shekaru, yana ji safe da yamma. Yanzu jinkirin intanet ma ba ya barin su rera tare, sai malami ya yi, ɗalibi ya maimaita. Ni a ganina an yi asara a nan.

Baƙuwar Toronto:
Malam Injiniya, ban musa ba, amma kiɗan nan ya saba da baƙunta. Gogen Turawa da ke raka mawaƙi baƙo ne, ya zama ɗan gida. Shahararriyar mawaƙiyar Karnatik M.S. Subbulakshmi ta rera a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1966. Kuma duk Disamba iyaye kan kwashi yara zuwa Chennai lokacin bukukuwan waƙa, su zauna gaban malamansu ido da ido.

Maman Biyu:
Na gode. Na tambayi uwar, ta ce bana za su je, mako uku. Kakar yarinyar ce za ta riƙa kai ta gidan malamin.