Kyaftin ya ƙare ne, ko wasan jiya ne ya ruɗe mu?

Abba Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke raina, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Duk wanda ya je filin Mahaha na Ƙofar Na'isa jiya da yamma ya gani da idonsa, kyaftin ɗinmu ya ƙare. An je hutun rabin lokaci ana cinmu ɗaya da nema, tsakiyarmu a wangale kamar ƙofar gari. Koci ya cire shi a minti na 60, ya sa yaron nan ɗan gwaji mai riga lamba 18. Cikin rabin awa yaro ya ba da fasin aka farke, ya kuma ci ta biyu da kansa. Saura sati uku a fara gasa. A ba yaron nan lamba 8 kawai, wato gurbin kyaftin a tsakiya, shi kuma kyaftin ya koma benci da mutuncinsa.

Kawu Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Abba ɗana, sannu a hankali. Wasan share fage ne fa, ba maki, ba kofi. Ba a yanke wa ɗan wasa hukunci da shi. Teburina yana jikin gidan kallo, ba abin da ban gani ba. A watan Yulin 2022 Manchester United ta lallasa Liverpool 4 da nema a Bangkok, ranar 'yan United har shayi suka riƙa saya wa mutane. Da aka fara lig fa? Brighton ta ci United 2 da 1 har gida, Brentford ta zuba musu 4 tun kafin a je hutu, a watan Maris kuma Liverpool ɗin nan dai ta ɗura musu 7 a Anfield. Ina wancan 4 ɗin ya tafi?

Ɗan Fagge: Kawu, da girmanka, misalinka na kulob ne, mu kuma maganar ɗan wasa muke. Sakamako yana ƙarya a share fage, amma ƙafa ba ta ƙarya. Lamine Yamal yana ɗan shekara 16 ya shigo daga benci a wasan share fage na kofin Gamper da Tottenham a 2023, ya juya wasan, Barcelona ta ci 4 da 2. Da sun ce ai wasan sada zumunta ne su mayar da shi wajen yara, wa zai san shi? Kobbie Mainoo na Manchester United ma a share fagen 2023 a Amurka aka fara ganin haskensa, ƙarshen kakar shi ya ci Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Abba Kurna: Yauwa Ɗan Fagge. Kuma me ya kai mu Turai? Ahmed Musa bai cika 18 ba lokacin da ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a lig ɗin ƙasar nan. Da an ce masa ya jira manya su gama, da bai je Holan ba, balle ya ci Ajantina biyu a 2014.

Yaya Habu Gwale: Ni abin da ya ƙona min rai ba maganar benci ba ce. Lokacin da aka cire shi, wasu daga cikinmu, namu fa, ba na abokan karawa ba, suka riƙa ihu "tsoho je ka huta". Mutumin da ya shekara tara yana sa rigar nan ba a biyansa ko sisi. Daga kan keken ɗinki yake tasowa ya zo tirenin. Ina tsaye kusa da benci, na ga ya ji, bai ɗaga kai ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Abba Kurna: Yaya Habu, ba na cikin masu ihu, kuma ban ji daɗinsa ba. Amma a raba magana biyu. Rashin ɗa'ar 'yan kallo daban, wanda zai fara wasa daban.

Maman Khalifa: Ku gafarce ni na shiga maganar maza. Ni nake sayar da zoɓo da ruwan leda a bakin filin, tun safe ina wajen. Ku da kuka zo la'asar ba ku san abin da aka yi da hantsi ba. Koci ya sa su zagaye fili har na daina ƙirgawa, sannan suka yi ta tsallen roba da gudun tsere. Kyaftin yana gaba a duk zagayen, shi yake jan sahu. Yaron da kuke yabo bai zo na safe ba, yana makaranta. Da ƙafa sabuwa ya shigo, su kuwa sauran sun riga sun zuba ƙarfinsu a ƙasa tun kafin azahar.

Kawu Mai Shayi: To kun ji. Gani ya kori ji. Ai da ma haka ake yi a wannan lokacin, koci yana loda musu gudu ne don jiki ya ɗauka, ƙafa ta yi nauyi yanzu ta saki idan an fara gasa. Wanda ya ga ɗan wasa ya dafa gwiwa a watan Agusta ya ce ya ƙare, bai san me ake dafawa ba.

Malam na Dala: Na karanta duk abin da kuka ce. Na buga baya shekaru kafin gwiwa ta zaunar da ni, jiya kuma ban zauna a inda kuka zauna ba, bayan ragarmu na tsaya, don daga nan ake ganin tsakiya sosai. Bari na faɗa muku abin da na gani, kowa zai samu nasa.

Da farko, Abba, ka lura da abin da abokan karawa suka yi a daidai lokacin da yaron ya shigo? Canji bakwai suka yi a tashi ɗaya. 'Yan tsakiyarsu biyu da suka hana mu shan ruwa duk sun fita, aka zuba yara irinsa. Wato kyaftin ya yi awa ɗaya da manyan mutane da gajiyar safe a cinyarsa, yaro ya yi rabin awa da 'yan benci. Ba jarrabawa ɗaya suka zauna ba, to yaya za a haɗa makinsu?

Sannan ku duka ƙwallo kuke bi da ido. Ni mutum nake bi. Sau uku aka ƙwace ƙwallo a ƙafar yaron nan, duk ukun tsayawa ya yi ya ɗaga hannu yana kallon rafali. Ta ukun ce ta fi muni: lamba 3 ɗinmu ya riga ya hau, aka jefa ƙwallo bayansa, gola ya fito ya tare da ƙafa. Da ta shiga, biyu da biyu ne, kuma da yau wata maganar muke. Lamba 8 a gasar da za mu shiga, a filayen da rabi yashi rabi taɓo, rabin aikinsa gudu ne zuwa baya. Kyaftin ko ba ya taɓa ƙwallo yana aiki. Bakinsa bai rufe ba tun daga busa har aka cire shi, ya ja wannan, ya tura wancan. Yana fita bayanmu ya yi tsit, kowa ya koma gadin kansa.

Amma Kawu, kai ma ba zan bar ka ba. Gajiya tana iya bayanin minti na 55, ba ta bayanin minti na 12. Ƙwallon da aka ci mu, lamba 10 ɗinsu ya karɓa ya ba kyaftin baya, ya juya ta hagu. Shekara uku da suka wuce da kyaftin ya juya tare da shi ya sa kafaɗa. Jiya sai da ya taka sau biyu kafin ƙugunsa ya juyo, mutum ya riga ya wuce. Wannan ba gudun safe ba ne. Na san shi a jikina, haka nawa ya fara. Numfashi yana dawowa da tirenin, juyi ba ya dawowa.

Shi kuma yaron, ba ƙwallon da ya ci ce ta tsaya min a rai ba, golansu ne ya yi sake. Fasin ɗin farko ne. Kafin ƙwallo ta iso shi ya waiga kafaɗarsa sau biyu, hagu da dama, ya riga ya san inda lamba 9 yake. Taɓawa ɗaya ya sake ta tsakanin 'yan baya biyu. Na yi shekaru ina ƙoƙarin koya wa yara wannan waigen, a cikin ashirin da wuya ka samu ɗaya. Wannan da abinsa ya zo.

Ɗan Fagge: To Malam ai ka gama mana shari'a. Abin da yaron ya rasa ana koyarwa, abin da kyaftin ya rasa ba ya dawowa.

Malam na Dala: Ana koyarwa, amma ba a sati uku ba, kuma ba a bakin 'yan kallonmu ba. Waɗanda suka yi wa mutumin shekara tara ihu jiya, me kake zato za su yi wa ɗan shekara 17 ranar da ya zubar da ƙwallo aka ci mu a wasan maki? Na ga yaran da ihu ɗaya ya kashe musu ƙwallo har abada.

Kawu Mai Shayi: Kuma a daina maganar shekaru kamar cuta. Rabi'u Ali Pele haihuwar 1980 ne. Da shi Pillars ta ɗauki lig a 2012, 2013 da 2014, da shi aka ɗauko kofin Aiteo a Kaduna a 2019, ya haura arba'in yana jefa firikik a raga a Ƙofar Mata muna ihun sai masu gida. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abba Kurna: Kawu, Pele sana'arsa ke nan, safe da yamma, kuma ana zagaye shi da masu yi masa gudu. Namu kyaftin yini yake a duƙe kan keke, ga iyali. Ba raini ba ne, gaskiya ce. Kuma akwai abin da ban faɗa ba tun ɗazu. Bayan an tashi na ga wani mutum da ban sani ba ya ja yaron gefe wajen da ake ajiye babura, suna magana yana danna waya. Yaron nan ba mu yi masa rajista ba, ba takardar da ta ɗaure shi. Idan muka ce ya zauna a benci ya koyi haƙuri, wata ɗaya za mu gan shi da rigar wasu yana cin mu. Sau nawa aka yi mana haka?

Yaya Habu Gwale: Wannan kam gaskiya ne, an sha yi mana. Amma ku san wanda ya kawo yaron. Kyaftin ne ya gan shi a filin firamare ya ɗauko shi a bayan babur ya kai wa koci.

Maman Khalifa: Har takalmin da ya ci ƙwallon da shi ma. Ba ku ga an daɗe ana canjin ba? Nasa ya yage tun wajen ɗumama jiki, tafin ya saki. Kyaftin yana fitowa ya zauna a ƙasa ya kwance nasa ya miƙa masa, ya ɗan yi masa yawa, ni na ba su ledar da suka cusa a gaba. Da silifas kyaftin ya ƙarasa kallon wasan.

Abba Kurna: Allah ya saka masa da alheri, Mama, mutumin kirki ne, ban taɓa musu ba. Amma ni wannan ma hujjata ce. Shi da kansa ya san abin da ya ɗauko.

Kawu Mai Shayi: Ya ɗauko magaji, bai ce a binne shi da rai ba.

Malam na Dala: Ni da za a ji tawa, ba sai an zaɓi ɗaya ba. A dawo da kyaftin lamba 4, ya zauna gaban 'yan baya inda wasa yake gabansa, ba mai juya shi, bakinsa kuma yana kusa da kunnen yaron. Yaro ya hau gabansa. Duk sanda ya tsaya ɗaga hannu, akwai mai daka masa tsawar da zai ji.

Ɗan Fagge: To shi mai lamba 4 na yanzu fa, Malam? Shi ne kaɗai mai huhun da ke share ɓarnar kowa. Ka cire shi ka bar mai nauyin juyi da wanda ba ya dawowa, ai ko 'yan layinmu sai su ratsa mu.

Malam na Dala: Tambayarka tana kan hanya, kuma ba ni da amsarta sai na gani a fili. Ranar Asabar akwai wani wasan, ƙarfe huɗu. Yaya Habu, kai ne kake da fuska wajen koci. Ka roƙe shi abu biyu: a sassauta gudun safe ranar, kuma a fara da yaron tun minti na farko, ya haɗu da manyansu suna da ƙarfinsu, kyaftin yana bayansa. Rabin lokaci ya ishe mu.

Yaya Habu Gwale: Zan same shi bayan magariba in sha Allah. Zan kuma yi masa maganar rajistar yaron, a kai takarda gidansu mahaifinsa ya sa hannu kafin a riga mu. Takalmi kuma a haɗa kuɗi a saya masa nasa, kyaftin ba shi da na biyu.

Kawu Mai Shayi: A rubuta ni dubu biyu. Amma masu ihu su sani, ranar Asabar kusa da su zan zauna.

Abba Kurna: Ni ma dubu biyu. Ina nan kan bakana dai, lamba 8 ta yaron ce. Malam, ka rage min waje a bayan raga, zan zo da biro da takarda na ƙirga da hannuna sau nawa ya dawo baya.