Neman kalma: me za mu kira zaman kwana 14 na wanda ya yi cuɗanya da mai korona?

Mai Fassara, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar 1 ga Yulin nan na 2020 aka buɗe hanyoyin da ke tsakanin jihohin Najeriya, washegari kuma gwamnatin Kano ta janye dokar kulle. Aikin daƙile korona ya sauka daga kan gari gaba ɗaya ya koma kan mutum ɗai-ɗai: wa ya kamu, da wa ya zauna, wa zai dakata a gida. A nan ne Hausar sanarwarmu take ɗingishi. Turanci yana da kalmomi biyu, quarantine da isolation, mu kuwa mun cusa su duka cikin "killacewa". Sai ka ji an ce an killace mutum 40, mai sauraro ya ɗauka mutum 40 ne suka kamu, alhali wataƙila ɗaya ne mai cutar, sauran 39 lafiyarsu ƙalau, jira kawai suke. Ta isolation ba ta ba ni wahala ba, "keɓewa" ta isa. Ta quarantine nake nema. Sharuɗɗana uku ne: ta zama gajera, ta shiga jimla ba tare da ƙaƙale ba, kuma tsohuwa a ƙauye ta ji ta a rediyo ta gane ba a ce ɗanta ya kamu ba.

Hajiya Mai Bin Sawu:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a zaɓi suna, bari a san abin da ake raɗa wa.

Keɓewa ta wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cutar ce, ko wanda alamu suka bayyana a jikinsa ana jiran sakamako. Ana raba shi da masu lafiya, ko a gida ko a cibiya irin ta Kwanar Dawaki. Lissafin kwanakinsa daga ranar da alamu suka fara ake yi. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen watan Mayun 2020, ana sallamarsa bayan kwana 10 da fara alamu, a ƙara aƙalla kwana 3 babu zazzaɓi babu matsalar numfashi.

Ɗayan kuwa na mai lafiya ne wanda ya yi cuɗanya da mai cutar. Cuɗanya a wurinmu tana da iyaka: zama fuska da fuska a tazarar da ba ta wuce mita 1 ba na fiye da minti 15, ko taɓa jikin mai cutar, ko jinyarsa ba tare da kayan kariya ba. Ana komawa baya kwana 2 kafin alamu su bayyana a jikin majinyacin, domin tun a lokacin yana iya yaɗawa. Shi wannan mutum lissafinsa daga ranar haɗuwarsu ta ƙarshe yake farawa, kwana 14, saboda ƙwayar cutar kan kwanta a jiki har tsawon haka kafin ta nuna kanta, ko da yake galibi a kwana na 5 ko na 6 take bayyana.

Kun ga ranar fara ƙirga ta bambanta, yawan kwanaki ya bambanta, dalilin ma ya bambanta. Illar haɗa su a kalma ɗaya a fili take gare mu masu bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar. Da an ce wa magidanci za a killace shi, abin da ke zuwa masa a rai shi ne motar asibiti a ƙofar gida da idon maƙwabta. Sai ya ba da lambar waya ta ƙarya, ko ya rage sunayen waɗanda ya zauna da su, ko ya wuce ƙauye wurin iyayensa tsofaffi, waɗanda su ne cutar ta fi yi wa illa.

Malamin Hausa, Zariya:
Hajiya kin share fage. Mu duba abin da ke hannu.

"Killace" asalinta kewaye wuri ne da zana ko shinge. Ana killace fili, ana killace makewayi. Ta fi dacewa da wuri: unguwa, gari, kasuwa. Abin da gwamnatin tarayya ta yi wa Kano ranar 27 ga Afrilu, ba shiga ba fita, shi ne killacewa a cikakkiyar ma'anarta. "Keɓe" ware abu ne daga 'yan'uwansa, ta zauna daidai a kan majinyaci. "Kulle" ta riga ta tafi ga dokar zaman gida ta kowa da kowa, a bar ta can. "Tsarewa" kuwa kada ma a kusance ta, kalmar 'yan sanda ce.

Aro fa? Za a iya cewa "kwarantin", kamar yadda muka ari asibiti da allura ta zauna. Amma aro yana kama ƙasa ne idan akwai abin da za a nuna da yatsa a ce ga shi. Wannan hali ne, ba kaya ba, kuma ba mu da shekarun da za mu jira kalmar ta saba da bakin mutane. Asalinta daga Italiyanci ne, tana nufin kwana arba'in da ake tsayar da jiragen ruwa a tashar birnin Banis (Venice) na Italiya zamanin annoba. Na san wani zai ce to mu ce "arba'in", tunda muna da arba'in ɗin mai jego. Kada a yi. Duk wanda ya ji zai ɗauka kwana 40 ake nufi, mai neman na cefane kullum kuwa 14 ɗin ma da ƙyar.

Ɗalibi daga Katsina:
Malam, da neman afuwa, "idda" fa? Ita ma zaman jira ce mai ƙidayayyun kwanaki, a cikin gida, don a tabbatar ko akwai wani abu a jiki ko babu. A ce "iddar cuta". Ina ganin kowa zai gane nan take.

Alaramma, Gusau:
Ɗana, hankalinka ya kai wurin da ya dace, amma kalmar ba ta aruwa. Idda hukunci ce ta shari'a, da ayoyinta da sharuɗɗanta, ta mata ce a kan aure da rasuwar miji. In aka ɗora ta a kan umarnin ma'aikatar lafiya, wasu za su ga an yi wasa da addini su ƙi abin gaba ɗaya, maza kuma za su mayar da ita abin tsokanar juna. Asara biyu ke nan. Abin da addini ya ba mu a wannan babi shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan annoba ta ɓarke a wata ƙasa kada a shige ta, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Wannan hujja ce ga killace gari, kuma limamai na iya jan ta zuwa ga zaman mutum ɗaya. A kawo hadisin a cikin bayani, sunan kuwa a nemo shi a Hausar yau da kullum.

Ɗan Rediyo, Kaduna:
Allah ya ƙara wa Alaramma lafiya. A ɗakin labarai wasu kan ce "zaman sa-ido", tunda jami'ai na bibiyar mutum. A takarda ta yi kyau, a kunne ba ta yi ba. Ɗan sa-ido a Hausa ba mutumin kirki ba ne, kuma "an sa masa ido" na nuna ana zarginsa. "Zaman jira" ba ta da laifi, sai dai ba ta faɗi abin da ake jira ba, har layin banki zaman jira ne. "Zaman dako" a rubuce tana rikicewa da dakon kaya. Ni "zaman lura" nake ba da shawara. Gaɓa huɗu ce, ba zargi a cikinta, kuma ta faɗi aikin: mutum yana lura da jikinsa, jami'i yana lura da shi.

Likita, Maraɗi:
Sannunku da aiki. Mu a wannan ɓangare na Nijar daga Faransanci sanarwa ke zuwa, kuma rikicin iri ɗaya ne, har ya fi. Kalmar confinement ita ake faɗa wa matafiyin da aka ajiye kwana 14, ita ake faɗa wa mai zama a gidansa, wani lokaci har da rufe gari. Lokacin da aka rufe Yamai a ƙarshen watan Maris, ba shiga ba fita, da dokar hana fitar dare, wannan killacewa ce yadda Malamin Zariya ya fassara. An buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, amma zaman kwana 14 na masu cuɗanya bai tashi ba, kuma da yawa sun ɗauka ya tashi saboda suna ɗaya suka ji ana kiran su duka.

"Zaman lura" za ta wuce a Maraɗi da Damagaram ba tare da an yi bayani ba, lura kalmarmu ce duka. Wannan yana da muhimmanci, don mutanen Jibiya da na Dan Isa gidan rediyo ɗaya suke saurare, dangi ɗaya ne. Abu guda zan roƙa: kada a taɓa faɗin ta ba adadi. A ce "zaman lura na kwana 14" kullum, saboda wanda bai san ranar fita ba ba zai shiga ba.

Hajiya Mai Bin Sawu:
Na karɓi "zaman lura", Likita. Amma sunan zai zama fanko in ba a faɗa wa mutane abin da ke cikinsa ba, don haka ga abin da ya kamata ya bi shi a kowace sanarwa.

Ɗaki daban mai taga a buɗe. A gidan yawa, shagon ƙofar gida ya fi ɗakin tsakar gida. In babu ɗaki, shimfiɗa daban da tazarar aƙalla mita 1, da takunkumin fuska. Buta, kofi, kwano da cokali nasa shi kaɗai, a daina cin tuwo kwano ɗaya har ya gama. Mutum ɗaya ne zai riƙa kai masa abinci, kuma kada ya zama tsoho, ko mai ciwon suga, ko mai hawan jini. Salla a ɗaki, ba jam'i, ba kasuwa, ba zaman majalisa.

Auna zafin jiki safe da yamma, a rubuta. In ya kai digiri 38, ko tari ya zo, ko numfashi ya yi nauyi, ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, a kira jami'in da ke bibiyarsa ko layin NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya. Daga wannan lokaci ya bar zaman lura ya shiga keɓewa har sakamako ya fito. Yanzu damina ce, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, kuma nan ake yawan kuskure: mutum ya ji zazzaɓi ya ce maleriya ce, ya taka zuwa kemis ya tsaya cikin mutane. Tana iya zama maleriyar, tana iya zama duka biyun. A kira, a gwada.

Banɗaki in na tarayya ne, a goge ƙofa da murfi da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100. A duba jikin kwalba: in an rubuta 3.5, murfi 1 na bilic a murfi 34 na ruwa, in 5 ne, 1 a 49. A haɗa sabo kullum don ƙarfinsa yana raguwa in ya kwana, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Sai ƙirga, inda aka fi faɗuwa. Ranar haɗuwa ta ƙarshe ba a ƙirga ta, washegari ne kwana na 1. In ya sake zama da mai cutar, ƙirga ta koma farko. Gwajin da aka yi a kwana na 2 ko na 3 ya nuna babu, bai sallame shi ba, domin ƙwayar ba ta yi yawan da za a gan ta ba tukuna. Kuma a faɗi gaskiya, mai faci ko ɗan dako ba zai zauna mako biyu da yunwa ba. In dangi da mai unguwa ba su ɗauki nauyin cefanensa ba, a kwana na 3 zai fita, kowane suna muka ba abin.

Mai Fassara, Kano:
Allah ya saka da alheri. Na gwada ta a jimla, ta zauna: "An sa mutum 39 zaman lura na kwana 14." "Yana zaman lura, ba a ce yana da cutar ba." "Gobe take gama zaman lura." "Masu zaman lura su kira wannan lamba." Ba inda harshe ya yi tuntuɓe. Abin da za mu bi ke nan a fassara: killacewa ga wuri, keɓewa ga wanda ya kamu ko ya nuna alamu, zaman lura ga mai lafiyar da ya yi cuɗanya, dokar kulle ga zaman gida na kowa. Cibiyoyin da jama'a suka saba kira "cibiyar killace masu korona" ba za mu yi faɗa da sunan ba, amma a sabon rubutu "cibiyar keɓe masu korona" za mu sa.

Ɗan Rediyo, Kaduna:
Madalla. Ƙari ɗaya ga masu rubuta kanun labarai, tunda buɗe gari ake ciki. "Ɗage" tana da fuska biyu, an ɗage doka na nufin an cire ta, an ɗage taro na nufin an matsar da shi gaba. Lokacin da Kano ta ba da Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, wannan sassautawa ce. Abin da ya faru ranar 2 ga Yuli janyewa ce. A rubuta "sassauta" ko "janye", sannan a biyo da abin da bai tashi ba a jimla ta gaba: a Yulin nan na 2020 dokar sa takunkumin fuska tana nan, makarantu suna rufe, zaman lura na kwana 14 yana nan ga duk wanda jami'an lafiya suka kira.