Don Allah me za mu kira "triage" da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum 'yan uwa, taimako nake nema kafin ƙarfe 4, gobe da safe shirin zai fita a rediyo. Labarin wata uwa nake fassarawa, jaririnta ɗan wata 2 tarin shiƙa ya kama shi, cikin dare ya yi ta tari har numfashi ya ɗauke leɓɓansa suka yi shuɗi, ta ruga da shi sashen gaggawa, nas na ganinsa ta tsallake layi da shi aka sa masa oksijin. Wannan dubawar ta bakin ƙofa da ake yi don a san wa za a fara gani, ita ce na rasa sunanta.

Nas: Wa alaikumus salam. Mu dai a wajen aiki tiriyej muke cewa, muna raba marasa lafiya ja, rawaya, kore, ja su ne mafi gaggawa. Jariri irin wannan ja ne kai tsaye, don ƙananan sau da yawa ba sa ma yin shiƙar, numfashin ne kawai ke tsayawa.

Malam: Tiriyej ba Hausa ba ce 'yata. Asalinta Faransanci ne, ma'anarta ware abu. Na daɗe ina cewa a yi amfani da "rairaya".

Nas: Haba Malam, uwa na kuka da ɗa a hannu a ce mata za a rairaye shi kamar tsaba?

Ɗalibi: Tantancewa fa?

Malam: Wannan ta masu neman aiki ce. Matsalarku kenan yaran yanzu, kuna ganin sai an aro kalma sannan magana ke da daraja.

Nas: Da girmamawa Malam, asibiti da likita ma aro ne.

Malam: An aro su lokacin da ba a tambayi masana ba.

Ɗalibi: Wai tarin shiƙar nan ba shi ne tarin fuka ba?

Nas: A'a, kar a haɗa su a rediyo don Allah. Tarin fuka daban, mashaƙo daban. Shi tarin shiƙa ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta azithromycin kwana 5 ana keɓe yaron, amma tarin kan kai wata 3 bai rabu da shi ba.

Mai fassara: Lokaci na tafiya. Zan sa "tantance tsananin ciwo", in bi shi da "wanda ya fi jin jiki shi ake fara gani".

Malam: Ta yi tsawo. Sa ta tunda kana sauri, amma ni ban janye rairaya ba.